Rufe bututu: yaushe yake cizo, yaushe yake juyowa kan mai shi?

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ake yawan yi a gaggauce, wai duk ƙasar da Allah ya ba mai ko gas to ta samu bulalar dukan wasu. Ni ban yarda cewa arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne bulalar ba. Abin da ke sa rufe famfo ya yi zafi shi ne tsawon lokacin da mai saye zai ɗauka kafin ya samo wata hanya. In mako biyu ne, kurari ne kawai. In shekara uku ne, gwamnati na iya kifewa kafin a kai can. Shi ya sa gas ɗin bututu ya fi ɗanyen mai zama makami, wutar lantarki kuma ta fi su duka saurin cizo. Masu sanin harkar, ku gyara mini in akwai gyara.

Injiniya Tukur:
Wa alaikumus salam, Malam. Tushen maganarka daidai ne, kuma dalilin yana cikin yanayin kayan ne da kansu. Ɗanyen mai ruwa ne. Ka zuba shi a jirgi, a tanka, a jirgin ƙasa, ka ajiye shi wata shida bai ce maka komai ba. Jirgin da ya taso zai nufi Rotterdam ana iya kiran kyaftin a tsakiyar teku a ce ya juya Indiya. Gas kuwa iska ne, hanya biyu kawai yake bi: bututu, ko a sanyaya shi har ya kai digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, a ɗora a jirgi na musamman. Wannan shi ne LNG. Masana'antar sanyayawar kan ci shekara huɗu zuwa biyar ana gini, a can inda za a sauke kuma sai an yi tashar da za ta mayar da shi iska.

Ku duba lissafi ɗaya. Bututun gas na Nord Stream 1, wanda ya taso daga kusa da Vyborg ta Rasha ya bi ƙarƙashin tekun Baltik ya fito a Lubmin ta Jamus, tsawonsa kilomita 1,224, yana ɗaukar kubik mita biliyan 55 a shekara. Jirgin LNG na yau da kullum yana cin kubik mita 174,000 na ruwan gas, wanda in an mayar da shi iska ya ɗan haura kubik mita miliyan 100. Ke nan kafin ka cike gurbin bututun nan guda ɗaya sai ka sauke jirage sama da 500 a shekara. A farkon 2022 kuwa Jamus ba ta da tashar sauke LNG ko ɗaya.

Dakta Larai:
Malam Habu, ina tare da kai a kan gas, amma ka da mu yi saurin sallamar ɗanyen mai. A 1941 Japan na samun kusan kashi 80 cikin ɗari na manta daga Amurka. Da Amurka ta daskarar da dukiyar Japan a watan Yuli, mai ya daina zuwa, ba a kai ƙarshen shekara ba aka kai hari Pearl Harbor, sojojin Japan suka nufi rijiyoyin man da ke Indunusiya ta yau. Takunkumin ya yi cizo matuƙa, sai dai abin da ya haifar ba shi aka nema ba.

1973 ma ana yawan ba da labarinta a karkace. A Oktoban shekarar, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai sun yi abu biyu: sun hana sayar wa Amurka da Holan da wasu ƙasashe kaɗan, sannan sun ce za su riƙa rage haƙowa da kashi 5 cikin ɗari kowane wata. Na farkon bai yi wani tasiri ba, domin manyan kamfanonin mai sun yi musanya ne kawai: man Larabawa ya tafi inda ba a hana ba, man Iran da Benezuwela da Najeriya ya tafi Holan da Amurka. Na biyun shi ne ya girgiza duniya. Ganga ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 a Janairun 1974. Darasin shi ne ba ka iya ware ƙasa ɗaya ka hana ta mai muddin teku a buɗe yake, sai dai ka tsauwala wa kowa farashi, har da abokanka.

Aminu:
Dakta, to me ya sa da suka gwada irin haka a 1967 ba a ji ɗuriyarsa ba?

Dakta Larai:
Saboda a 1967 Amurka na da rijiyoyin da ta taƙaita wa haƙowa da gangan, musamman a Texas. Sai aka sake musu mara, Iran da Benezuwela ma suka ƙara, giɓin ya cike cikin makonni. Zuwa 1972 wannan rarar ta ƙare, rijiyoyin Amurka na aiki iya ƙarfinsu. Takunkumi iri ɗaya, shekara shida tsakani, sakamako daban. Wanda ke riƙe da rarar da za a iya buɗewa gobe da safe, shi ne mai magana.

Alhaji Sule:
Ku dai 'yan boko kun iya kwantar da hankalin mutane da cewa a ƙarshe kasuwa za ta daidaita. Shugaban da ya rufe bututu ba ƙarshe yake kallo ba, hunturu ɗaya yake kallo. Ku tuna Janairun 2009. Rikicin bashi da farashi tsakanin Gazprom, kamfanin gas na Rasha, da Naftogaz na Yukren ya sa gas ɗin da ke ratsa Yukren zuwa Turai ya tsaya cak daga 7 ga wata har zuwa 20. Bulgeriya, wadda kusan duk gas ɗinta ta nan yake zuwa, ta rufe makarantu da masana'antu a tsakiyar sanyi. Sulobakiya ta ayyana dokar ta-ɓaci. Mako biyu kacal, amma an zauna an sa hannu a kwangilar shekara goma da ta ɗaure Yukren da farashi mai tsada. A 2010 aka ba ta rangwame, ita kuma ta tsawaita wa rundunar ruwan Rasha zama a tashar Sevastopol da ke Kirimiya har zuwa 2042. In wannan ba cin nasara ba ne, ban san sunansa ba.

Injiniya Tukur:
Alhaji, ranka ya daɗe, bari in faɗi abin da ya sa mako biyu ke da nauyi haka, don mutane na ɗauka gas kamar ruwan famfo ne, a ɗauke yau a dawo da shi gobe a ci gaba. Babban bututu yana riƙe da gas mai matsi a cikinsa, wanda zai iya ɗaukar masu amfani na wasu sa'o'i, in an yi sa'a kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai rumbunan ƙarƙashin ƙasa, tsofaffin rijiyoyin gas ko manyan ramuka a cikin gishiri. Su ma suna da hali: yayin da suke raguwa matsinsu na sauka, don haka abin da za ka iya zarowa a rana yana raguwa. Rumbun da ya rage kashi 30 ba ya ba ka gudun da yake bayarwa yana cike, kuma a ƙarshen hunturu ne ake fi buƙatar gudun.

Abin da masu kula da layi suka fi tsoro shi ne matsi ya faɗi a ƙananan bututun cikin gari har iska ta shiga. In haka ta faru ba dama a buɗe kawai, don gas da iska in sun gauraya fashewa suke. Sai ma'aikata sun bi gida-gida sun rufe kowace mita, an kore iskar daga layi, sannan a sake komawa gida-gida a kunna. Gari mai gida dubu ɗari, aikin makonni ne. Saboda haka kafin a kai nan ake fara yanke masana'antu, dokar Tarayyar Turai ma ta sa gidaje da asibitoci a sahun waɗanda ake karewa. Masana'antun kuma ba duka ke jure yankewa ba. Tukunyar narka gilashi tana aiki a zafin da ya kai digiri 1,500, tana shekara goma ko fiye ba a kashe ta ba. In ta huce babu shiri gilashin ya daskare a ciki, tukunyar ta tashi aiki. Kamfanin takin zamani shi gas ɗin ne ma kayan haɗinsa, ba makamashi kaɗai ba. Waɗannan su ne ke fara bugun ƙofar minista, kuma mai rufe bututu ya san da haka.

Malam Habu:
Misalin Alhaji ya ƙarfafa maganata ne ai. A 2009 bututun Turai ta Tsakiya hanya ɗaya suke gudu, daga gabas zuwa yamma. Akwai gas a rumbunan Jamus da Ostiriya, amma babu yadda za a tura shi baya. Bayan nan aka bi tashoshin turawa aka sake jera bawul da mitoci yadda gas zai iya juyowa, aka gina gajerun bututun haɗi tsakanin maƙwabta. A Satumban 2014 Sulobakiya ta fara tura gas baya zuwa Yukren, daga Nuwamban 2015 kuma Yukren ta daina saye kai tsaye daga Gazprom. Lituwaniya ta yi hayar jirgin da ke mayar da LNG iska ta girke shi a Klaipeda a 2014, tun kafin ya fara aiki sosai Gazprom ta rage mata farashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Kowane amfani da bulalar yana rage mata kaifi.

Alhaji Sule:
In da gaske yana ragewa, Malam, me ya sa shekara goma sha biyu bayan 2009 Tarayyar Turai ke sayen kimanin kubik mita biliyan 155 daga Rasha, kusan kashi 45 cikin ɗari na gas ɗin da take shigowa da shi? Ƙananan ƙasashe sun ɗau darasi, manyan kuwa arha ta rufe musu ido. An buɗe Nord Stream 1 a 2011, aka fara gina na biyu bayan an riga an ƙwace Kirimiya. Har rumbun Rehden, mafi girma a Jamus, a hannun reshen Gazprom yake.

Injiniya Tukur:
Rehden ɗin nan shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai, don matsin 2022 tun 2021 aka fara shi, kuma ba tare da an karya kwangila ko ɗaya ba. Gazprom ta ci gaba da ba masu dogon kwantiragi abin da suka nema, amma ta daina sayar da ƙari a kasuwar nan-take, ta kuma bar rumbunanta na Turai kusan wayam a lokacin da aka saba cika su. Aka shiga hunturu da ajiya ƙasa da yadda aka saba, farashi ya riga ya hau kafin a harba harsashi ɗaya a mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a 2022.

Sai kuma mataki-mataki. A ƙarshen Maris 2022 Putin ya sa hannu a dokar biya da rubul: mai saye ya buɗe asusu biyu a Gazprombank, ya zuba yuro a na farko, bankin ya canja ya zuba a na biyu, kuma ba a ɗauka ka biya ba sai rubul ɗin ya isa hannun Gazprom. Kuɗin bai canja ba, amma an tilasta wa kowane kamfani ya zaɓa, kuma zaɓin ya raba kan Turai. Polan da Bulgeriya suka ƙi, aka yanke su ranar 27 ga Afrilu. Finlan ta biyo baya a Mayu, sai kamfanonin Holan da Denmak. Wasu manya suka buɗe asusun suka yi shiru.

A Yuni aka zo kan injin. Tashar Portovaya ce ke tura gas cikin Nord Stream, kuma da yake babu wata tashar turawa a ƙarƙashin teku, dole a bakin shiga a ba shi matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa wajen sau 200 don ya isa Jamus. Injinan Siemens ne ke wannan aiki, ana kai su Montreal ta Kanada gyara. Ɗaya ya maƙale can saboda takunkumi. Gazprom ta ce don haka ta rage daga kubik mita miliyan 167 a rana zuwa 67. Kanada ta sassauta, aka kawo injin Jamus, Gazprom ta ce takardu ba su cika ba, ta ƙi karɓa. A ƙarshen Yuli aka koma miliyan 33. A ƙarshen Agusta aka rufe don gyaran kwana uku, aka ce an ga yoyon man inji, ba a sake buɗewa ba. Duk tsawon lokacin akwai sarari a bututun Yukren da na Yamal da za a iya bi da gas ɗin in ana so. Ranar 26 ga Satumba kuma fashewa ta lalata uku daga cikin layuka huɗu na Nord Stream 1 da 2.

Abin lura shi ne ba a taɓa fitowa an ce mun rufe don siyasa ba. Kullum gyara ne, ko takarda, ko bashi. Dalili kuwa kwangila: in ka ce matsalar inji ce da ta fi ƙarfinka, kana da abin faɗa a gaban masu sasanci. Ko da yake wannan ma bai fisshe su ba, a 2024 kotun sasanci ta ba Uniper, kamfanin gas na Jamus, diyyar sama da yuro biliyan 13. Karɓo kuɗin kuma wata magana ce daban.

Hajiya Binta:
Kun daɗe a kan mai sayarwa, kamar mai saye ba shi da tasa bulalar. Tasa ma ta fi shiru. Ba ya bukatar taɓa rijiya ko bututu, takardu yake riƙewa. Jirgin dakon mai ba ya shiga tashar kirki sai da inshorar da za ta biya in ya yi karo ko ya malalar da mai, kuma ƙungiyoyin inshorar da ke rufe kusan kashi 90 cikin ɗari na jiragen duniya yawancinsu a Ingila da Turai suke. Da wannan aka karya fitar da man Iran a 2012, haɗe da cire bankunanta daga SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi: daga kimanin ganga miliyan biyu da rabi a rana ya dawo wajen miliyan ɗaya da 'yan kai. Masu saye a Asiya ba su daina so ba, hanyar biya da hanyar ɗauka aka toshe musu.

Da aka zo kan Rasha ba a so a cire manta daga kasuwa, don ganga miliyoyi ne kullum, farashi zai haukace. Sai aka ƙirƙiro rufin farashi: daga 5 ga Disamba 2022, kamfanin ƙasashen G7 ko Tarayyar Turai ko Ostireliya zai iya ɗaukar man Rasha ko ya yi masa inshora ne kawai in an saye shi dala 60 ko ƙasa, rufin da aka sa a lokacin. A watannin farko ya yi aiki, man Rasha na Urals ya riƙa sayuwa da ragin da ya kai dala 30 ƙasa da Brent, man da ake auna farashin duniya da shi. Ƙarin dalili shi ne nisa. Daga Primorsk zuwa Rotterdam bai cika mako ba, zuwa gaɓar yammacin Indiya kuwa kusan wata guda ne, don haka mai iri ɗaya yana buƙatar jirage ninki-ninki.

Raunin tsarin yana wuri biyu. Na farko, mai inshora ba ya ganin cinikin, takardar shaida kawai ake miƙa masa cewa farashin bai haura ba, ana kuma iya rubuta mai a dala 58 a cusa sauran cikin kuɗin dako. Na biyu, an sayi ɗaruruwan tsofaffin jirage, masu shekara 15 zuwa 20 da ya kamata su nufi wurin yanka, aka yi musu rajista da tutocin ƙasashen da ba sa tambaya, da kamfanonin da ba su da komai sai jirgi ɗaya da adireshi. Suna kashe na'urar nuna inda suke, suna juye mai daga jirgi zuwa jirgi a kan teku, kamar yadda aka riƙa yi a gaɓar kudancin Girka. Indiya da kafin yaƙin man Rasha bai kai kashi 2 cikin ɗari na abin da take saye ba, ta koma sayen kusan kashi ɗaya cikin uku daga can, matatunta suka riƙa tacewa suna sayar wa Turai dizal. Wanda zai kwana a ciki shi ne ƙasar da ɗaya daga cikin jiragen nan zai fashe a gaɓarta, ta nemi mai inshorar ta tarar da suna kawai.

Aminu:
Hajiya, ke nan a ƙarshe wa ya ci wa ya faɗi a 2022?

Hajiya Binta:
Ya danganta da littafin wa ka buɗe. Farashin gas a kasuwar TTF ta Holan, da aka saba gani wajen yuro 20 kan kowace megawat-awa, ya haura 300 a Agustan 2022. Jamus ta ƙwace Uniper don kada ya durƙushe, ta kammala tashar LNG ta Wilhelmshaven cikin ƙasa da kwana 200, aka kafa dokar cika rumbuna kashi 80 kafin 1 ga Nuwamba, daga baya 90. Fitilu ba su mutu ba, hunturun ma ya zo da sauƙi. Gazprom kuwa ta yi asarar rubul biliyan 629 a 2023, irin wadda ba ta gani ba cikin shekara sama da ashirin.

Amma akwai waɗanda ba su cikin faɗan suka biya. Jiragen LNG da Turai ta saya ba daga sama suka faɗo ba. Pakistan ta yi ta neman masu kawo mata kaya ba wanda ya taya, waɗanda ke da kwangila da ita ma wasu suka gwammace su biya tarar saɓa alkawari su kai kayan Turai, don ribar ta ninka tarar. Bangaladash ta dakatar da saye a kasuwar nan-take, aka shiga ɗauke wuta na sa'o'i. Giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ta sha takawa.

Alhaji Sule:
To ai Sin na nan. Abin da Turai ta ƙi, Sin ta saya.

Injiniya Tukur:
Na mai, e. Na gas, a'a, Alhaji. Bututun Power of Siberia da aka buɗe a Disamban 2019, mai ɗaukar biliyan 38 a shekara, daga filayen Chayanda da Kovykta na gabashin Saiberiya yake sha. Gas ɗin da ake kai wa Turai daga Yamal da Urengoy yake fitowa a yamma, kuma babu bututun da ya haɗa su. Sai an gina sabo na dubban kilomita, kuma wanda ya san ba ka da wani mai saye shi ne zai yanka farashi. Bututu kai biyu gare shi, yadda ya ɗaure mai saye haka ya ɗaure mai sayarwa. Turkumenistan ta ɗanɗana wannan a Afrilun 2009, lokacin da Gazprom ta rage ɗauka ba zato, bututu ya fashe, fitar da gas zuwa Rasha ya tsaya kusan wata tara.

Dakta Larai:
Akwai na uku da ba mu ambata ba, wanda bututu ya ratsa gonarsa. Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man tsohuwar Sudan, amma bututu da tashar Port Sudan suna arewa. Khartoum ta nemi sama da dala 30 a kan kowace ganga, Juba ta ce abin da ake biya a duniya bai fi dala ɗaya ba. Da arewa ta fara kwasar mai a madadin kuɗinta, sai Juba ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya a Janairun 2012, alhali kusan kashi 98 cikin ɗari na kuɗin shigarta daga nan ne. Sai a Afrilun 2013 aka dawo, kowa ya jigata. Aljeriya kuwa da ta yanke hulɗa da Maroko, ba ta rufe komai da hayaniya ba, ta bar kwangilar bututun da ke bi ta Maroko zuwa Sifaniya ta ƙare ranar 31 ga Oktoba 2021, ta koma kan Medgaz da ke tafiya kai tsaye ta teku. Maroko ta rasa kuɗin ratsawa da gas ɗin tashoshin wutarta biyu. Watanni bayan haka aka juya bututun, tana sayen LNG a sauke a Sifaniya a turo mata.

Kuma ba kullum ake zare takobin ba. A 2017 da maƙwabta suka killace Katar, bututun Dolphin bai daina kai gas Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ko na rana ɗaya. Katar ta lissafa cewa sunanta na mai cika alkawari a wurin Japan da Koriya ya fi mata daɗin ramuwar.

Malam Habu:
Dakta, misalin Juba ya nuna cewa rufe rijiya ma ba kyauta ba ne.

Injiniya Tukur:
Ko kaɗan. Man Dar na Sudan ta Kudu kakin zuma ya yi masa yawa, sai ana ɗumama shi a tashoshin da ke kan hanya yake gudu. In ya tsaya ya huce, daskarewa yake a cikin bututu, fitar da shi kuma aikin watanni ne.

Ta ɓangaren mai saye ma ɗanyen mai ba duka ɗaya ba ne. Matatar da aka gina don Urals, mai matsakaicin nauyi da sinadarin farar wuta, in ka ba ta mai sauƙi irin na Amurka za ta yi aiki, amma dizal ɗin da take fitarwa zai ragu, wasu sassanta su zauna banza. Matatar Schwedt da ke ba Berlin yawancin manta a kan bututun Druzhba mai kawo man Rasha aka dasa ta, bututun da ke zuwa mata daga tashar Rostock kuma bai isa ya cika ta ba, sai da aka haɗa da tashar Gdansk ta Polan da man Kazakistan. Hangari da Sulobakiya, da ba su da teku, da wannan hujjar suka samu a cire Druzhba daga takunkumin 2022.

Hajiya Binta:
Malam ya ce lantarki ta fi saurin cizo, ba a ba shi amsa ba.

Injiniya Tukur:
Saboda ba ta da rumbu. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su yi daidai kowane daƙiƙa, in ba haka ba bugun layin, wato yawan kaɗawar wutar a kowane daƙiƙa, ya kauce daga 50, na'urorin kariya su fara cire kansu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Najeriya ta katse layin da ke kai wuta Yamai a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, Nijar kuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga nan take samu. A ranar aka ji, ba a jira rumbu ya ƙare ba. Aka koma kan injinan dizal na Gorou Banda da rabon wuta unguwa-unguwa. Aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hamɓararren shugaba Bazoum yana tsare.

Ƙasashen Baltik, wato Lituwaniya da Latbiya da Estoniya, sun daina sayen wutar Rasha tun 2022, amma bugun layinsu daga Mosko ake daidaita shi har zuwa Fabrairun 2025. Kafin su cire kansu sai da suka ƙarfafa layin da ya haɗa Lituwaniya da Polan, suka girka manyan injinan da ke juyawa ba don samar da wuta ba, sai don riƙe bugun kada ya yi tsalle. Ranar 8 ga wata suka yanke, suka yi kwana guda su kaɗai ana gwaji, ranar 9 suka haɗe da Turai. Shirin ya ci shekaru fiye da goma.

Alhaji Sule:
Shekara goma. Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Ku kuna ƙirga wanda ya tsira bayan shekara goma, ni ina ƙirga abin da ya haɗiye ya yi shiru a cikin shekarun.

Dakta Larai:
Wannan kam ba a iya auna shi, Alhaji, domin ƙuri'ar da aka fasa kaɗawa da takunkumin da aka sassauta tun a ɗakin shawara ba sa fitowa a lissafin kowa. Amma in ana neman inda shirun yake a yau, a duba makamashin nukiliya. Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, na riƙe da wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin tace yuraniyom a duniya. Amurka, wadda ta hana man Rasha tun Maris 2022, sai a Mayun 2024 ta yi dokar hana tataccen yuraniyom ɗinta, dokar ma ta bar ƙofar neman izini har ƙarshen 2027, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tashoshinta ke ci daga can yake zuwa.

Injiniya Tukur:
Kuma tacewar ɓangare ɗaya ce. Tashoshin nukiliya samfurin VVER da Tarayyar Sobiyet ta gina a Cek da Sulobakiya da Hangari da Bulgeriya da Finlan, sandunan makamashinsu a ɗaure suke cikin dami mai kusurwa shida, na tashoshin Yamma kuwa kusurwa huɗu ne. Ba ka ɗauko wannan ka zura a wancan. Kamfanin Westinghouse na Amurka ya ƙera irin nasu, amma kowace tasha sai hukumar ƙasarta ta ba da lasisi, a fara sa 'yan damuna kaɗan na gwaji a ga yadda za su zauna da tsofaffin. A kowane zagaye na wata 12 zuwa 18 kashi ɗaya cikin huɗu ko makamancin haka ake canjawa, don haka kafin cikin tukunyar ya zama babu na Rasha ko ɗaya sai an yi zagaye huɗu. Kozloduy ta Bulgeriya ta sa damin farko a 2024.